Kunne Lafiya Lau, Amma Magana Na Kuɓucewa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Auna Aikin Ƙwaƙwalwa Bayan Rauni a Kai

Akwai wani koke da masu raunin kai suke yawan yi bayan an sallame su daga asibiti: "Ina jin sautin, amma ba na kama maganar." A ɗaki shiru, daga su sai likita, hira na tafiya daidai. Da zarar mutum uku ko huɗu sun haɗu suna magana, ko inji na ruri a gefe, sai komai ya cakuɗe. A gwada kunne, a ce lafiya lau. Daga nan na kusa da su ke fara zargin ko shariya ce, ko son jiki. Wannan zargi yana cin rai fiye da yadda ake tsammani, shi ya sa ya dace a san abin da na'urorin auna ƙwaƙwalwa suke gani a irin wannan hali, da kuma inda ganinsu ya tsaya.

Ji da sauraro ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Kana iya jin ruwan sama a kan rufi ba tare da ka saurare shi ba. Ji aikin kunne ne da jijiyarsa: sauti ya bugi dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar ga katantanwar da ke can ciki, ita kuma ta mai da ita saƙon lantarki. Jijiyar ji ta kai saƙon gindin ƙwaƙwalwa, ya yada zango a talamus, wata tasha da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, sannan ya isa ɓawon ƙwaƙwalwa da ke daura da kunne. Sauraro kuwa zaɓi ne. Duk muryoyin da ke ɗaki a dunƙule suke shiga kunne, kamar zaren da ya sarƙe. Ƙwaƙwalwa ce ke warware su, ta riƙe ɗaya ta danne saura, kuma sashen goshi da na saman kai ne ke ba da umarnin wanda za a riƙe.

A 1953 wani masani ɗan Ingila, Colin Cherry, ya sa wa mutane abin sauraro a kunne, kowane kunne da maganar da ake zuba masa daban, ya ce su riƙa maimaita ta ɓangare ɗaya. Sun iya. Amma da aka tambaye su abin da aka faɗa a ɗaya kunnen, kusan babu abin da suka riƙe. Ko da aka sauya harshe daga Ingilishi zuwa Jamusanci ba su lura ba, sai dai sun lura idan muryar namiji ta koma ta mace. A 1959 Neville Moray ya nuna cewa idan aka ambaci sunan mutum a kunnen da ya yi watsi da shi, kusan ɗaya cikin uku na ji. Ke nan ƙofar da aka rufe ba a datse take ba, akwai mai gadi a bayanta yana tantancewa. Wannan mai gadin ne rauni ke yawan raunanawa.

Me buguwar kai ke yi wa wannan tsari?

Ƙwaƙwalwa taushi gare ta, tana iyo ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya tsaya kwatsam ko ya juya da ƙarfi, kamar a haɗarin mota ko faɗuwa, sai ta yi gaba ta yi baya ta murɗe. Dogayen zaruruwan da ke haɗa sassanta su miƙe fiye da ƙima, wasu su tsinke, wasu su ci gaba da aiki amma a hankali. Wuraren da abin ya fi shafa sun haɗa da gadar da ke haɗa ɓarin dama da na hagu, da gindin ƙwaƙwalwa. Sassan ƙwaƙwalwa na ƙasan goshi da gefen kunne kuma suna zaune ne a kan ƙashi mai kaushi, don haka su ne suka fi gurjewa. Duba jerin nan da kyau: kusan duk hanyar da sauraro ke bi ce.

Sannan ji, a cikin duk gaɓoɓi, shi ya fi dogara da lokaci. Ƙwaƙwalwa na gane inda murya ta fito ne ta kwatanta lokacin da ta isa kunnen dama da na hagu, tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa ba. Ɗan jinkirin da ido zai yafe, kunne ba ya yafewa.

Ba haɗari kaɗai ke jawo haka ba. Shanyewar ɓarin jiki, musamman idan ta taɓa ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, tana iya sa mutum ya riƙa watsi da sautin da ke zuwa ta hagunsa. Ƙarar fashewar bam ma haka. Da yawa daga sojojin Amurka da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan sun zo da wannan koke alhali gwajin kunnensu ya fita daidai, kuma binciken da aka yi a kansu, musamman a wata cibiyar kula da jin tsoffin sojoji da ke Portland, ya taimaka wajen sa likitoci su ɗauki matsalar da muhimmanci.

An gwada kunnena an ce lafiya, hoton kai ma bai nuna komai ba. Ke nan tunanina ne kawai?

Ba haka ba ne. Gwajin kunne na yau da kullum tambaya ɗaya yake yi: wane ne sauti mafi rauni da kake iya ji a ɗaki shiru? Ana kaɗa maka amo ɗaya-ɗaya, daga mai kauri na 250 zuwa siriri na 8000 a ma'aunin hatiz, kana ɗaga hannu. Babu murya ta biyu da za ta yi gasa da shi, babu abin da za ka danne. Hoton CT kuwa jini da karayar ƙashi yake nema, ba ya ganin zaren da ya miƙe. Mutum na iya cin gwaje-gwajen nan biyu da maki cikakke, ya shiga ɗakin taro ya rasa inda magana ta dosa.

Mece ce EEG, kuma me take aunawa?

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ɗan ƙaramin lantarki suke magana da juna. Idan dubbansu suka motsa tare, ana iya tsintar alamar a fatar kai, kuma na'urar da ke yin wannan ita ce EEG. Likitan Jamus Hans Berger ne ya fara ɗaukar wannan alama a jikin ɗan Adam a 1924, ya wallafa a 1929. Ana manna ƙananan faifan ƙarfe a fatar kai, kusan 20 a gwajin asibiti, 32 ko 64 ko 128 a hular masu bincike. Alamar ƙarama ce ƙwarai, da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ake ƙirga ta. Fifikon EEG shi ne sauri: tana bin abin da ke faruwa milisakan bayan milisakan (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa), wanda shi ne ma'aunin da ji ke aiki da shi. Rauninta kuma, ba ta iya nuna takamaiman wurin da alamar ta taso, domin ƙashin kai na watsa ta.

Da zafi? Za a sa mini wuta a kai?

Babu zafi, kuma babu wutar da ke shiga jikinka. Na'urar saurara kawai take yi. Abin da zai dame ka bai wuce man da ake shafawa a ƙarƙashin faifan ba, da gajiyar zama wuri ɗaya.

To, a cikin layukan nan masu hawa da sauka, me ake nema?

Nan ne zuciyar maganar. Amsar da ƙwaƙwalwa ke ba sauti guda ɗaya ta yi ƙanƙanta, tana nutsewa cikin sauran harkokinta. Don haka ake maimaita sautin sau da yawa, kwamfuta ta tara amsoshin ta fitar da matsakaici. Abin da ba shi da alaƙa da sautin ya shafe kansa, abin da ya rage shi ne layi mai tudu da kwari, kowane tudu da zangon da yake wakilta. Kamar bin sawun saƙo ne daga tasha zuwa tasha, ana duba agogo a kowace.

Tashar farko tana cikin milisakan 10 na farko, ana kiranta ABR. Ƙananan tuddai biyar ne da ke nuna saƙon ya bar jijiyar ji ya ratsa gindin ƙwaƙwalwa. Wani masani mai suna Don Jewett da abokin aikinsa ne suka bayyana su a 1971. Ba sa buƙatar mai da hankali, ko barci kake suna fita, shi ya sa ake gwada jin jarirai da su. Idan tazarar tudu na farko da na biyar ta yi tsawo, hanyar gindin ƙwaƙwalwa ta sami tangarɗa.

Wajen milisakan 100 akwai wani kwari, N100, alamar saƙon ya isa ɓawon ƙwaƙwalwa. A 1973 Steven Hillyard da abokan aikinsa a San Diego suka gano abu mai ban mamaki: sauti iri ɗaya, ƙarfi iri ɗaya, amma idan a kunnen da mutum ya mai da hankali ya shiga, kwarin ya fi zurfi. Wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kacal, niyyar mutum ta riga ta ƙara wa sautin da yake so ƙarfi. Idan wannan bambanci ya ragu bayan rauni, alama ce cewa tacewar farko ba ta yin aikinta sosai.

Daga nan sai MMN, tsakanin milisakan 100 zuwa 250, wadda masanin ƙasar Finlan Risto Näätänen ya bayyana a 1978. Ana kaɗa amo ɗaya a kai a kai, jefi-jefi a saka wani daban. Ko mutum na karatu bai kula ba, ƙwaƙwalwa na lura da baƙon. Wannan shi ne mai gadin da aka ambata ɗazu.

Mafi shahara shi ne P300, wanda Samuel Sutton da abokansa suka ba da rahotonsa a 1965. Nan ana cewa mutum ya ƙirga baƙin amon, waɗanda sukan zo kamar ɗaya cikin biyar ko cikin goma, ko ya danna maɓalli duk lokacin da ya ji ɗaya. Wajen milisakan 300 wani babban tudu ke tashi, lokacin da ƙwaƙwalwa ta ce "ga abin da nake jira". Jinkirinsa na nuna tsawon lokacin da tantancewa ke ɗauka, girmansa kuma na da alaƙa da yawan hankalin da aka iya zubawa. A masu rauni matsakaici ko mai tsanani, abin da aka fi gani shi ne tudun ya makara kuma ya ƙanƙance. Yana da ɗan uwa da ke tashi ta wajen goshi idan aka jefa wani sauti na ba-zata, kamar haushin kare, shi kuma yana ba da haske kan yadda abu ke fizgar hankalin mutum daga aikin da yake yi.

Amfanin jera su haka shi ne a gane a wace tasha saƙon ya fara makara. Wanda matsalarsa ke gindin ƙwaƙwalwa da wanda tasa ke wajen zaɓi da dannewa, koke ɗaya suke kawowa, amma ba taimako ɗaya suke buƙata ba.

Amo ɗaya-ɗaya ai ba shi ne rayuwa ba. Ba a gwadawa da magana ta gaske?

Wannan suka ce mai tushe, kuma masu bincike sun amsa ta. A 2012 Nima Mesgarani da Edward Chang a San Francisco suka yi aiki da masu farfaɗiya waɗanda aka riga aka ɗora wa faifai a kan ƙwaƙwalwa kai tsaye saboda shirin tiyata. Suka kunna musu muryoyi biyu a haɗe, suka ce su bi ɗaya. Da aka sake gina sautin daga alamar ƙwaƙwalwa, sai ga shi muryar da aka bi ce ta fito, kamar ita kaɗai ke magana. A lokutan da mutum ya kasa bi, alamar ma ba ta riƙe muryar ba. Bayan 'yan shekaru wasu masu bincike a Dublin suka nuna cewa da hular EEG ta waje ma, cikin kamar minti ɗaya na sauraro, ana iya gane wace murya mutum ke bi, domin lantarkin ƙwaƙwalwa na hawa da sauka tare da ƙarfin muryar da aka zaɓa.

Akwai kuma kaɗawar alfa, mai bugu 8 zuwa 12 a daƙiƙa. Idan ka karkata hankalinka ga kunnen hagu, takan ƙaru a ɓarin ƙwaƙwalwar da ke kula da gefen da kake son dannewa, tamkar an sauke labule. A ganina waɗannan hanyoyi su ne suka fi kusa da ainihin abin da mai rauni ke kuka da shi, domin suna sa shi a cikin halin da ke ba shi wuya, su auna shi a can. Sai dai har yanzu a ɗakunan bincike aka fi samunsu, ba a asibitin yau da kullum ba.

Me ya sa ba za a yi MRI ba kawai?

MRI mai duba aiki, wadda ta samo asali daga binciken Seiji Ogawa na 1990, ta fi EEG iya nuna wuri nesa ba kusa ba. Amma jini take bi, jini kuma sai bayan daƙiƙa 4 zuwa 6 yake cika wurin da ya yi aiki, alhali sauraro a ƙasa da rabin daƙiƙa yake yanke shawara. Ga kuma ƙarar na'urar kanta, wadda takan haura desibel 100. Gwada sauraro a cikinta sai da dabara. Wani nau'in MRI na bin yadda ruwa ke tafiya a cikin zaruruwa don a ga inda suka lalace. MEG tana auna maganaɗisun da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, tana da saurin EEG kuma ta fi ta nuna wuri, amma tsadarta ta sa cibiyoyi kaɗan ke da ita. Akwai kuma mai amfani da haske, fNIRS, wadda shiru take, sai dai ba ta gani da zurfi.

Ina bin magana, amma bayan minti talatin na gaji liƙis. Wannan ma ana auna shi?

Ana yi, kuma yana cikin abubuwan da aka fi zaluntar masu rauni a kansu. Mutum biyu na iya samun maki ɗaya a gwaji, ɗaya da sauƙi, ɗaya ya ƙona duk abin da yake da shi. Tun 1966 Daniel Kahneman da Jackson Beatty suka nuna cewa ƙofar tsakiyar ƙwayar ido na buɗewa idan tunani ya yi nauyi, kuma yanzu ana amfani da wannan wajen auna wahalar sauraro. Hoton aikin ƙwaƙwalwa ma yakan nuna masu rauni suna jawo sassa da yawa don aikin da a da kaɗan ke yi. Wanda ya ce ya gaji da hira, ba gudun mutane yake yi ba.

Idan P300 ɗina ya makara, shi ke nan an tabbatar raunin ne ya jawo?

A'a, kuma duk wanda ya ce maka layi ɗaya ya isa hujja, ka yi hattara da shi. P300 na makara da tsufa. Rashin barci, maganin kwantar da hankali, barasa, ciwon damuwa, firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, ciwon kai, da raguwar ji ta asali, duk suna taɓa shi. Lafiyayyun mutane ma sun sha bamban da juna, kuma da wuya a sami wanda aka auna kafin haɗarinsa balle a kwatanta. Yawancin abin da bincike ya tabbatar bambanci ne tsakanin rukuni da rukuni, inda mutum ɗaya ke iya faɗawa kowane gefe.

Tsananin rauni ma na da tasiri. A ma'aunin Glasgow na auna yadda mai rauni yake cikin hayyacinsa, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974, maki 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 3 zuwa 8 mai tsanani. A masu tsanani alamun EEG sun fi fitowa fili. A masu sauƙi, waɗanda su ne mafi yawa, sakamakon bincike bai zo baki ɗaya ba. Saboda haka layin da ya fita daidai bai ƙaryata kokenka ba, wanda ya karkace kuma bai isa shi kaɗai ba. Shaida ce guda, sai an haɗa ta da labarin haɗarin, da gwajin jin magana cikin hayaniya, da gwajin kunne biyu irin na Cherry, da gwaje-gwajen tunani kamar PASAT, inda ake karanto lambobi kana haɗa kowace da wadda ta gabace ta.

Yara da 'yan wasa fa?

A 2016 Nina Kraus da abokan aikinta a Jami'ar Northwestern ta Amurka suka auna yadda ƙwaƙwalwar yaran da suka sami buguwar kai mai sauƙi ke bin kaurin murya, da wata hanya mai suna FFR wadda faifai kaɗan take buƙata. Amsar yaran ta fi ta lafiyayyu rauni da jinkiri, kuma ta inganta a waɗanda aka sake aunawa suna murmurewa. Yaran da aka gwada ba su da yawa, amma darasin ga malami a bayyane yake: aji wuri ne mai hayaniya, kuma yaron da ya koma baya bayan ya bugu a kai yana iya zama bai kama maganar ba ne.

Wanda ke cikin doguwar suma yana jinmu? Na'ura na iya faɗa?

Wani lokaci tana ba da haske. Tunda MMN ba ta buƙatar mutum ya yi komai, ana iya nemanta a gefen gado, kuma bincike, ciki har da na Catherine Fischer a Lyon ta Faransa, ya nuna cewa samunta alama ce mai kyau ta farfaɗowa. Rashinta kuwa ba ya nufin an fid da rai. A 2019 Jan Claassen da abokansa a New York suka ba marasa lafiya 104 da ba sa motsi umarnin su riƙa buɗe hannu suna rufewa. A 16 daga cikinsu EEG ta nuna ƙwaƙwalwa ta amsa, ko da yake hannun bai motsa ba. Wannan ya isa dalilin a riƙa yi wa mai suma magana da mutunci, a kuma kiyaye abin da ake faɗa a kansa.

Yana warkewa? Me ke taimakawa?

Mafi yawan masu rauni mai sauƙi suna murmurewa cikin makonni zuwa watanni uku. Wasu abin na daɗewa, kuma su ne suka fi buƙatar a tura su ga ƙwararren ji da ƙwararren gwajin tunani. Da farko a tabbatar kunnen kansa lafiya yake, domin buguwa na iya fasa dodon kunne, ta goce ƙasusuwan nan uku, ko ta bar mutum da shewa a kunne da ƙin ƙara. A kuma gyara barci, a duba magunguna.

Abin da ya fi saurin nuna amfani shi ne rage wa ƙwaƙwalwa aikin tacewa: a kashe rediyo ko talabijin kafin a fara magana, a fuskanci mutum, a kira sunansa tukuna, a yi magana ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ɗaga murya ba, domin ihu ba ya warware cakuɗa. Akwai ƙaramin makirfo da malami ko mai jawabi ke maƙalawa, ya aika muryarsa kai tsaye zuwa kunnen mai sauraro. Ana kuma yin atisayen mai da hankali tare da ƙwararre, a fara da shiru a riƙa ƙara hayaniya sannu a hankali. Toshe kunne dare da rana kuwa yakan ƙara ƙin ƙarar ne.

Yaushe ne ba gwaji ake jira ba, asibiti za a tafi nan take?

Idan bayan buguwa jini ko ruwa garai na fita daga kunne ko hanci, ko ji ya ɗauke kwatsam, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci mai nauyi, ko rikicewa, ko jijjiga, ko wani ɓarin jiki ya saki.

An ba ni ranar gwaji. Yaya zan shirya?

Ka wanke kai, kada ka shafa mai, domin mai na hana faifan kama alamar. Ka yi barci sosai a daren, sai fa idan likita ya ce akasin haka. Ka tafi da sunayen duk magungunan da kake sha, kada ka daina ko ɗaya da kanka. Idan kitso ko wani abu a kai zai hana a kai ga fata, a tambaya tun kafin ranar. Yayin gwajin ka saki muƙamuƙi da wuya, domin cije haƙora da yawan ƙiftawa suna rufe alamar da ake nema, kuma idan ka gaji ka faɗa a dakata. Yana da kyau ka rubuta misalai uku ko huɗu na wuraren da magana ke kuɓuce maka, mutum nawa ke wurin, wace ƙara ce a gefe, da minti nawa kake ɗauka kafin ka gaji, ka miƙa wa mai gwajin kafin a sa maka hula.